Madugu Jatau da Shantun Iya Dije

Ku da kuka san shi kun sani, ba a yi wa Habu tela sallama sai an fara duban kansa. In hularsa ta kullum ce, to, Habu ne, gaishe shi ka wuce abinka. In ka ga malfa mai faɗin faifai, iya bakinka: Madugu Jatau ne ya sauka, uban ayarin fatake, mutumin shekara ɗari biyu da suka wuce. In kuwa ka tarar da shi da warki a ƙugu da garaya a kafaɗa, wannan Barau maharbi ne, wanda wai ya riga kakan kakanmu zuwa duniya, amma ga shi zaune a ƙofar gida cikin garin Daura yana korar kaji daga shanyar gero. Ka kuskura ka kira Madugu da sunan Habu, wallahi ko waiwayowa ba zai yi ba. Sai dai ya dubi na kusa da shi ya ce, "Wannan bawan Allah wa yake nema?"

Babu wani Jatau, babu wani Barau. Shi ya ƙirƙiro abinsa bayan ya bar wa ɗansa Sani keken ɗinki da shago. Ya raɗa musu suna, ya ba su iyaye da garin haihuwa da mata, har da abokan gaba. Kada ku ce hauka ne. Shekarun da ya yi yana ɗinki, duk tsohon da ya kawo riga sai ya tatse shi tas: yaya ake ɗaure kayan jaki, a wane zango ake kwana, wane kiɗa ake yi wa wa. Abin da ke kan Habu na zamanin da, ban ga mai shi a unguwarmu ba. Har malaman makaranta sukan kawo masa ɗalibai su zauna a zaure suna kallo.

Ni ce Hajiya Mairo, taubashiyarsa. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, kakarmu ɗaya, Iya Dije. Ya ba ni shekara huɗu amma ban taɓa ce masa yaya ba, "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce "baiwar gidanmu." Ban yi boko ba, ban kuwa ji na rasa komai ba, abin da ke kaina nake faɗa ana rubutawa.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ya haɗa mu faɗa shekara ashirin. Shantu ne. Ku na yanzu da ba ku san shi ba, doguwar duma ce da aka fafe, baki biyu gare ta. Mace ke buga ƙasanta a kan cinya, tana buɗe saman tana toshewa da tafin hannu, zobban yatsunta na ƙwanƙwasa jikin. Maza ba su kallo, don cinya a buɗe take. Iya Dije tana da wani kiɗa nata da ta gada wurin kakarta, ana yin sa ranar da mata suka gama sussukar gero. Mu biyar ta koya wa. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai. Habu yana so in fito da kiɗan nan kafin in bi su. Ni kuma na ce na je Makka na dawo, ba za a ƙara ganin cinyata ana dukanta da duma ba.

Za mu zo nan. Bari ku fara jin halin mutumin.

Ranar da Madugu ya sauka, ba a ƙyasta ashana a gidan. Ladi matarsa, Allah ya ba ta ladan haƙuri, sai ta zauna da gasarar koko a gaba tana kallonsa yana ta fama da ƙyastu, ƙarfe na dukan dutse, ƙyas, ƙyas, audugar ta ƙi kamawa. Hantsi ya yi, jikoki na kukan yunwa. Da ta gaji sai ta zaga maƙwabta ta ɗebo garwashi a kasko, ta sulale ta zuba a murhu ta bayansa. Ya waiwayo ya ga hayaƙi, ya ɗaga ƙyastun sama ya ce, "Kin gani ko? Tartsatsin mutanen da, har nesa yake tafiya!"

Sai ranar sunan jikarsa. An yi shinkafa da miya ja wur, kaji sun sha suya. Aka tashi da Madugu a gidan. Ladi ta ajiye masa kwano, ya buɗe, ya ja da baya kamar ya ga maciji.

"Mene ne wannan jan abu?"

"Tumatir ne, Madugu."

"Ba mu san shi ba. Sau bakwai na je Gwanja sayen goro, ban taɓa ganin sa a tukunyar kowa ba. A kawo tuwon gero da miyar kuka, daddawa kaɗai za a sa."

Na ce, "Ladi, ba shi abin da ya nema." Aka samo tuwon jiya aka ɗumama, aka kaɗa kuka tsura, ko ƙashi babu. Ya yi loma biyu. Ni kuwa na zo na zauna daidai gabansa da cinyar kaza, ina ci ina lumshe ido. Na ga maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Can sai ya miƙe, ya ce zai duba jakunansa, ya shige ɗaki. Jim kaɗan sai ga mutum ya fito da hular kullum, yana ta murmushi.

"Salamu alaikum! Ladi, wai baƙon nan ya tafi? Kawo shinkafar nan kada ta huce."

Ya share kwano biyu. Ya koma ɗaki, ya fito da malfa, ya zauna yana sakace haƙori, ya ce da ni, "An ce tela ya zo bayana. Mutumin kirki ne, sai dai ciki ya yi masa yawa."

Af, haƙori ma! Kun tuna giɓin nan nasa na gaba? Madugu yakan ce wa ɗalibai jaki ne ya harbe shi suna tsakiyar ƙetare Kwara, ruwa iya wuya. Barau kuma yakan ce ƙahon gwanki ne. Ni ina wurin ranar da haƙorin nan ya fita. Rake ne. A kasuwar Baure.

Amma in ana maganar kiɗa, nan wasa ya ƙare. Habu ba ya ɗaukar ha'inci a kan kayan kiɗa. Makaɗan yanzu wayar birkin keke suke ɗaura wa garaya, shi kuwa in ya ji sai ya toshe kunne ya ce, "Wannan ba garaya ba ce, kukan ƙofa ne." Ya dage sai tsirkiyar jijiya irin ta da. Ya yi cigiya har aka ce masa akwai wani tsoho a wani ƙauye gaba da Mai'adua, dab da iyaka, shi kaɗai ya rage mai iya murza ta. Sani ya ce, "Baba, hau babur in kai ka, kafin azahar mun dawo." Ya ce Madugu ba ya hawa abin da ba ya cin ciyawa. Ya aro jaki, ya ɗora mangala, ya sa rigar saƙi da ya ɗinka da allura da hannunsa, ya ɗauki sanda, ya kama hanya a ƙasa.

Direbobin da ke bin hanyar su suka kawo mana labarin abin da ya faru a shingen masu kaki. Wani daga cikinsu ya tare shi.

"Baba, ina zuwa? Ina takardarka?"

"Wace takarda? Ni ne Madugu Jatau. Ina ratsa ƙasar nan tun ba a haifi wanda ya ja muku layin ba."

"To, Madugu, me aka ɗauko?"

"Kanwa da goro."

Aka buɗe mangala. Kanwa dunƙule ɗaya, goro uku, gorar ruwa, ƙuli-ƙuli. Can ƙasa sai ga ƙullin leda, maganin hawan jini ne da Ladi ta cusa masa. Mai kakin ya ɗaga shi sama, yana danne dariya.

"Madugu, a zamaninku har da wannan?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ajiya ce. Wani tela a Daura ya ba ni in riƙe masa. Raggo ne, ba ya rabuwa da ciwo."

Aka ce har shugabansu sai da ya riƙe ciki. Suka ba shi tabarma ya huta, suka shayar da jakin, suka ce Allah ya kiyaye hanya, uban tafiya. Kwana huɗu ya yi. Ya dawo ƙafa duk ta faffashe, da tsirkiya biyu ƙulle a tsumma kamar ya ɗauko zinariya.

Na je don in yi masa tsiya, sai na rasa bakin yi. Ya ɗaura tsirkiyar, Barau ya zauna a ƙofar gida ya fara kaɗawa. Wata irin murya ce mai kauri, ba ta da ƙara amma har cikin ƙirji kake jin ta. Akwai wani tsohon makaho a layinmu, ubansa maharbi ne na gaske. Sai ga shi ya taho yana laluben bango, ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wane ne wannan? Tun rasuwar babana ban ƙara jin garaya ta yi magana haka ba." Habu ya ci gaba da kiɗa har mutumin ya zauna. Ranar na san bawan nan nawa ba wasan yara yake yi ba. Ban gaya masa ba, mana. In gaya masa kansa ya fi malfar girma?

To, daga nan ne ya juyo kaina gadan-gadan. Wata safiya sai ga shi a gidana da ƙunshi a hammata.

"Salamu alaikum, Tasalla tana ciki?"

Na ce, "Babu mai wannan suna a gidan nan."

"Akwai. Tasalla ƙanwar Madugu, gwanar shantu, wadda in ta fara kiɗa mata ke barin tuwo ya ƙone. An haife ta shekarar da fara ta cinye dawa. Mijinta mai fataucin kanwa ne, ya—"

"Kai, bawana! Ni ka yi wa miji?"

"Ya rasu, kwantar da hankalinki."

Ya warware ƙunshin, zanen saƙi ne baƙi, ya sha bugu yana ƙyalli, da ɗankwalinsa. Wallahi zane ne na gani na faɗa. Na karɓe zanen, don ba a mai da kyautar taubashi. Na ce, "Zane ya zauna, Tasalla ta bi ka. Ni Hajiya ce. Ka taɓa ganin mai haƙorin Makka tana dukan cinya?"

Ya ce, "Iya Dije ta fi ki yawan salla, ba ta kuwa bar shantu ba."

Na ce ya fitar mini daga gida. Ya fita yana cewa, "Sai na dawo, Tasalla." Haka muka yi ta yi. Sallah ƙarama, sallah babba, suna, biki, gaisuwar mutuwa ma in ya sami sarari sai ya raɗa mini, "Tasalla, shekaru na tafiya fa."

Da ya ga na ƙi, sai ya ce zai yi da kansa. Ya shuka duma a bayan gida, ya kafa mata rumfa don 'ya'yan su rataya su miƙe. Damina uku yana yi kafin ya sami wadda ta yi masa. Ya fafe ta, ya shanya, ya aro zobban Ladi ya cusa a ƙaramin yatsa. Rannan sai ga Ladi a guje.

"Hajiya, zo ki ga ɗan goggonki, ba ya iya taka ƙafa!"

Na je na tarar da shi kwance, ana gasa masa cinya da ruwan zafi. Ashe a kan wando ya fara bugawa, duma ta ƙi magana, sai fuf, fuf. Shi kuma ya zaci ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ya naɗe wando ya yi ta narka wa kansa duma kwana biyu, kamar mai dakan fura, har wurin ya yi baƙi ƙirin. Maƙwabta kuwa an gaya musu ɓauna ce ta taka Barau a dawa.

Na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi. Na ce, "Wayyo cikina! Ba duka ake yi ba, shashasha, ajiyewa ake yi! Kuma ba a kan ƙashi ba!"

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Yi dariyarki, Mairo." Ya daɗe bai kira ni da sunana ba. "Ni ta bayan katanga na ji kiɗan nan, ina ɗan shekara bakwai, an kore mu waje. Kunnena ya riƙe shi tsaf, ko yanzu yana ciki. Amma hannuna bai san shi ba. Ke naki hannun ya sani. In kika tafi da shi, ni in na mutu shi ke nan, kamar Iya ba ta taɓa kaɗa shi ba."

Na tsuke baki, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tafi gida.

Yau zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba Makka ce ta hana ni ba. Tsoro nake ji. Shekara hamsin ban taɓa shantu ba. In na zauna ni kaɗai na gwada a kan gwiwa da hannu, farkon yakan zo, tsakiyar sai ta ɓace mini. Ni Mairo, da ake cewa ban taɓa manta komai ba, in ɗauki shantu a gaban mata in kasa? A gaban Habu? Gara ya ce girman kai ne.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi da la'asar. Ya rame, idanu sun faɗa. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi awakina. Na zauna ina jira ya fara tsiyar da ya saba. Shiru. Bai ce Tasalla ba, bai ambaci shantu ba. Da na tashi tafiya ya ce, "Na gode, Hajiya. A yafe mini yawan damu." Nan gabana ya faɗi. Habu ya daina roƙo!

Na fito tsakar gida na tsaya. Na ce, "Ladi, ina dumar nan da ta kusa karya shi?" Ta dube ni, ta shiga ta ɗauko. Na ce a rufe ƙofar zaure, kada namiji ya shigo. Matar Sani ta fito, da 'yan matan gidan. Na sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tagar ɗakinsa, na zauna na ba tagar baya, na sa zobba, na ja zane, na yi bisimilla.

Bugun farko, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na biyu, duma ta amsa. Kai, tela ya iya zaɓen duma! Hannuna ya kama tafiya shi kaɗai, ina jin warin ƙaiƙayin gero kamar Iya na zaune kusa da ni. Na zo wurin da nake ɓacewa, sai na rufe ido na haɗa farko da ƙarshe, na ce wa zai sani?

Sai murya ta taso daga cikin ɗaki, ta mutumin da ɗazu ko gaisuwa da ƙyar yake yi:

"Kin tsallake!"

Na ce, "Wa ya tsallake?"

"Ke! Bayan bugu uku Iya takan toshe bakin dumar, ta yi shiru, kamar mai jan numfashi. Sannan zobba su yi biyu, sannan ta saki. Kin haɗiye shirun, kin haɗiye zobban!"

"Kai da ka ji ta bayan katanga, kai za ka koya mini? Ni a gabanta na zauna!"

"To, ai ga sakamakon zaman. Sake!"

Matan nan suna ta ƙunshe dariya. Na ce bari in yi yadda ya ce don in kunyata shi. Bugu uku. Na toshe. Shiru. Zobba biyu. Na saki. Jama'a, sai ga tsakiyar kiɗan nan da ta ɓace mini shekara hamsin ta zubo gaba ɗaya, kamar an buɗe bakin rumbu! Ashe a wannan ɗan shirun ta maƙale. Na kai shi har ƙarshe, na sake, na kuma sakewa. Ladi na tafi tana kuka. Yana kwance yana buga tsakiyar da yatsa a jikin gado, ina ji ta taga.

Da na ajiye shantun na ce, "Habu."

"Na'am."

"Ka yi gaskiya."

Sai ya ce, "Ladi! Aika a kira liman da mutum biyu. Shekara saba'in ina jiran kalmar nan, ba za ta wuce babu shaidu ba!"

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce kada in tashi sai na sa dumar a cinyar 'yan matan nan. Sani ya so ya ɗauki kiɗan a waya, Habu ya ce a ɗauka in ana so, amma shi hannu yake son ya koya. Kwana tara na yi ina zuwa kullum da la'asar, ina koya musu a gindin taga, yana gyara mu daga ciki, har da ni. A rana ta goma Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu jikokinsa uku sun iya kiɗan Iya Dije daga farko har ƙarshe, ta tsakiyarsu ma ta fi ni hannu, ko da yake ban gaya mata ba. In sun zo wurin shirun nan, ni ma sai in yi shiru, don a nan nake jin kamar zai yi magana.

Allah ya jiƙan Habu ɗan goggona. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Iya Dije a gidan Aljanna. Yadda ya riƙe abin mutanen da bai bari ya faɗi ba, Allah ya riƙe shi da rahamarsa, ya riƙe zuriyarsa. Ni kuma Allah ya yafe mini shekara ashirin da na sa shi jira. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.